Kajinmu da Zafin Bazara: Yadda Za Mu Tsare Kaza, Mu Tsare Namanta



A wata bazara, ƙungiyar mata ta ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zagayawa ta ci rance ta sayi 'yan tsaki 200 na kajin nama, da niyyar a sayar a makon Ista. Matan nan sun yi ƙoƙari. Sun yi rigakafi a kan kari, ba su taɓa barin kajin da yunwa ba. Amma da kajin suka shiga mako na biyar, rana ta buɗe, sai suka fara haki. Goma sha huɗu suka mutu cikin kwana uku, manya-manyan cikinsu kuwa. Sauran da suka kai aka fara yankawa ana kai wa wani mai gashin kaji a gari, wanda ya yi alkawari zai saye duka. Ya karɓi hamsin na fari. Kashegari ya aiko a dakata.

Da na je, shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa, ta ce mini, "Malam, waɗanda suka mutu mun san zafi ne. Waɗanda suka rayu fa? Mutumin nan ya ce naman fari fat, leda cike da ruwa, in ya ɗora a wuta sai ya tsuke. Mu kuwa ba mu ɗura wa kaza ruwa ba."

Na ce, "Mama, na san ba ku ɗura ba. Ruwan jikin kazar ne, naman ya kasa riƙe shi."

Tambayar Mama ce nake so in amsa a nan, gama ba ƙungiyarsu kaɗai abin ya taɓa samu ba. Ista kullum tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗowa, watau tsakiyar bazara. A 2024 da 2025 Ƙaramar Salla ma a lokacin ta faɗo. Sa'ad da kasuwar kaji ta fi ci, a lokacin ne zafi ya fi cin kaji. Ɓarnar da zafi yake yi kuwa ba ta tsaya ga masu mutuwa ba, tana bin masu rai har cikin tukunya.

Abin da zafi yake yi wa kaza

Jikin kaza ya fi namu zafi. Namu digiri 37 ne, nata 41 zuwa 42. Ga gashi ya lulluɓe ta, kuma ba ta yin gumi. Babbar kazar nama ta fi jin daɗi in zafin ɗaki yana tsakanin digiri 18 da 24. A Sakkwato, da Maiduguri, da Yola, da Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje. Ko a kan tudun Jos, inda ake da sanyi, ɗakin da aka cusa kaji ba iska yakan yi zafi da tsakar rana.

In zafi ya doshi digiri 30, kaza takan buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta kwanta a ƙasa, ta rage ci, ta ƙara sha. Da hakin nan take fitar da zafi, amma yana gajiyar da ita, yana kuma birkita ma'aunin gishirin da ke cikin jininta. Shi ya sa kajin ƙwai sukan yi ƙwai mai ɓawo marar kauri a bazara. Jini kuma yakan koma wajen fata domin ya huce, hanji ya rasa rabonsa, ɗan abincin da aka ci ma bai narke sosai ba. In zafin jikinta ya hau zuwa digiri 45 ko fiye, mutuwa ta zo kusa.

Kajin gida sun fi jimrewa, gama jikinsu ƙarami ne, girmansu a hankali, suna kuma da 'yancin neman inuwa. Kazar nama kuwa an ƙago irinta domin ta kai kilo biyu cikin mako shida ko bakwai. Mai saurin girma haka kamar murhu ne da ake ta tura wa itace. Shi ya sa manya suke riga ƙanana mutuwa.

Tsatsa a cikin jiki

Wannan duka ido yana gani. Akwai wata ɓarna kuma da ido ba ya gani.

Kun san fartanyar da aka manta a gona takan yi tsatsa. Kun san goro in an fasa aka ajiye, fuskarsa takan sāke launi. Kun san man gyaɗa in ya daɗe a buɗe yakan yi wari, ya riƙa maƙaƙi a wuya. Abu ɗaya ne yake aikin nan duka: iskar oksijin, wadda muke shaƙa, ita ce take haɗuwa da ƙarfe, da goro, da mai, ta sāke su.

Jikin kowace dabba ƙananan ƙwayoyi ne da ba a gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da 'yar fatarta, wadda da kitse aka yi ta. A cikin ƙwayoyin nan ake ƙona abinci da oksijin domin a sami ƙarfi. Ba wutar da ba ta tartsatsi. Nan ma akan sami wasu 'yan ɓurɓushin oksijin masu ɓarna, su tsere su faɗa wa kitsen fatar ƙwaya, su lalata shi. A kwanakin sanyi jiki yana da masu kashe tartsatsin nan isassu. A kwanakin zafi tartsatsi yakan yi yawa, ga shi kaza ta rage cin abincin da masu kashewar suke fitowa daga ciki. Sai ɓarna ta rinjayi tsaro. Wannan ne zan riƙa kira tsatsar jiki. Abubuwan da suke tare ta kuwa masana suna ce musu antiyoksidan, mu kuwa bari mu ce makarin tsatsa.

Kowa yana iya ganin aikin makari a gidansa. A yanka dankali ko yalo biyu, a shafa wa ɓari ɗaya ruwan lemun tsami, a bar ɗayan. Bayan ɗan lokaci wanda ba a shafa wa ba zai riga ɗan'uwansa yin duhu. Bitamin C da tsamin da ke cikin lemun ne suka tare wa ɗayan iska.

Daga ɗakin kaji zuwa tukunya

To, ina ruwan wannan da naman da mai gashi ya ƙi? Ta hanya uku ne.

Ta farko, kazar da ta yi makonni cikin zafi ba ta tara tsoka kamar yadda ya kamata. Ƙirjinta yakan kasa cika, kitse ya taru a ciki. Mai saye kuwa ƙirji da cinya yake nema.

Ta biyu ita ce ta Mama. Kashi uku cikin huɗu na tsokar kaza ruwa ne. Bayan yanka, ɗan sukarin da ke ajiye cikin tsoka yakan juya ya zama tsami, irin tsamin nono. Haka yake ga kowace dabba, kuma ba laifi in ya faru a hankali, nama yana hucewa. Amma kazar da ta wuni tana haki, aka bi ta da gudu, aka cusa ta a kwando cikin rana, tsamin nan da sauri yake taruwa, naman yana da zafi tukuna. Mata masu yin awara sun san abin da ke faruwa in aka zuba ruwan tsami cikin madarar waken soya tana kan wuta: sai ta tsinke, ruwa ya ware gefe. Kusan haka ne yake samun ƙirjin kaza. Sai ya yi fari, ya yi laushi, ya riƙa zubar da ruwa. In tsatsa ta riga ta raunana fatar ƙwayoyin, ruwan ya ƙara samun hanyar fita. Ruwan da ya taru a leda nauyi ne da aka ciyar da kaza domin a samu, ga shi ya zube. A ce kowane kilo 100 na nama ya zubar da kilo 3 fiye da ƙa'ida, an yi hasarar kaza biyu ke nan ba wanda ya ci.

Ta uku, tsatsa ba ta tsayawa domin an yanka kaza. Kitsen kaza irin mai laushi ne, mai saurin lalacewa, ba kamar na saniya ba. Naman da ba shi da makari a ciki yakan yi saurin sāke ɗanɗano da wari, ko yana cikin firij, balle a ce wuta tana ɗaukewa. Cinya ta fi ƙirji saurin haka, gama ta fi kitse da jini. Wanda ya taɓa ɗumama kazar jiya ya ji wani tsohon ɗanɗano, to, shi ne.

Makari na fari: bitamin E

In ana maganar kyan nama, bitamin E ne babba. A 1922 wasu masana biyu a Kalifoniya ta Amurka, Herbert Evans da Katharine Bishop, suka gano shi. Cikin mai yake narkewa, saboda haka cikin kitsen fatar ƙwayoyin nan yake zama, daidai inda tartsatsi yake faɗawa. Kaza ba ta iya yin nata, sai ta ci.

Littafin ma'aunin abincin kaji da masanan Amurka suka fitar a 1994 ya ce miligiram 10 cikin kilo ɗaya na abinci ya isa ya hana ciwon rashinsa. Amma hana ciwo daban, tsare nama daban. Gwaje-gwaje da yawa sun nuna cewa in aka kai shi wajen miligiram 200 cikin kilo, naman yakan daɗe bai sāke wari ba, sau da yawa kuma yakan rage zubar da ruwa. A buhun kilo 25, giram 5 ke nan na zallansa. Garin da aka fi sayarwa rabi ne bitamin, rabi abin ɗauka, saboda haka giram 10 za a sa. A duba rubutun jikin leda, a kuma tambayi mai haɗa abincin ko nawa ya riga ya sa.

Ga abin da na fi so ku riƙe: bitamin E a hankali yake taruwa cikin tsoka. Yana bukatar mako uku zuwa huɗu kafin yanka. Wanda ya ba da shi ana jibi kasuwa ya yi hasarar kuɗinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ku sayar a mako na bakwai, ku fara a mako na uku.

Makari na biyu: bitamin C

Mutum tilas ya sami bitamin C daga abinci, amma kaza tana yin nata a cikin ƙoda. Shi ya sa a kwanakin sanyi ba lalle a ƙara mata ba. A cikin zafi ne abin da take yi yake kasa mata. Cikin ruwa yake narkewa, yana aiki nan da nan, ba ya kuma daɗewa a jiki. Yana da wani aiki mai kyau: in bitamin E ya tare tartsatsi ya gaji, bitamin C ne yake sabunta shi ya koma bakin aiki. Domin wannan su biyun tare sun fi ɗaya amfani.

Ma'aunin da aka fi bi shi ne miligiram 200 zuwa 250 cikin kilo na abinci, watau giram 5 zuwa 6 a buhu, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda a shafe, in zallan gari ne. A ranakun da zafi ya tsananta, ba shi cikin ruwa ya fi, gama kazar da ta ƙi ci ba ta ƙin sha. A bi ma'aunin da ke jikin fakiti. Amma a sani zafi, da hasken rana, da tsatsar kwano, da maganin da ake sa wa ruwan famfo duk suna kashe shi. A dama da safe daidai abin da za su shanye kafin azahar, a mazubin roba, a inuwa. Wanda ya kwana a zubar. Ranar rigakafin da ake bayarwa cikin ruwa kuma, kada a haɗa shi da kome.

Malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun gwada ba kaji bitamin C kafin a yi doguwar tafiya da su cikin mota a bazara, suka ga waɗanda aka ba sun fi sauran jimre wa wahalar hanya. Wannan darasi ne ga masu kai kaji kasuwa mai nisa.

Makari na uku: siliniyam

Wannan ma'adini ne da tsiro yake ɗauka daga ƙasa. Tarihinsa abin lura ne. A shekarun 1930 an san shi da guba, gama a wasu jihohin Amurka inda ya yi yawa a ƙasa, dawaki da shanu sun riƙa zubar da gashi, kofatonsu yana lalacewa, ƙwan kaji kuma ya ƙi ƙyanƙyashewa da kyau. Sai a 1957 aka gane cewa jiki yana bukatar ɗan kaɗan nasa. A 1973 kuma aka gano dalili: da shi jiki yake ƙera ɗaya daga cikin masu share tsatsa nasa na kansa. Bitamin E yana tarewa, siliniyam yana share abin da ya kuɓuce.

Amma ɗan kaɗan ɗin fa kaɗan ne ƙwarai. Hukumar Amurka ba ta yarda a ƙara fiye da miligiram 0.3 cikin kilo na abinci ba, watau bai kai rabin giram ba cikin buhu arba'in. Ba manomin da yake da sikelin auna wannan. Saboda haka ina roƙonku, kada kowa ya sayi zallansa ya ce zai haɗa da hannu. Garin haɗin bitamin da ma'adinai da ake kira firimis, in mai kyau ne, ya riga ya ƙunshi siliniyam, da zinki, da manganis daidai bukata. A sa firimis bisa ma'auninsa, kada a ninka.

In bitamin E da siliniyam sun yi ƙaranci sosai, 'yan tsaki sukan yi tangaɗi, su murɗe wuya, ko ƙarƙashin fatarsu ya tara ruwa. Amma cutar Niyukasil ma tana murɗe wuya. Wanda ya ga haka ya kira likitan dabbobi. Bitamin ba ya maganin annoba, ba ya kuma ɗauke wa kowa rigakafin Niyukasil da Gumboro.

Abin da muke da shi a gida

Ba kowane makari ne yake zuwa cikin fakiti ba. Ganyen zogale yana da bitamin E, da bitamin C, da sinadarin da ke sa fatar kaza da gwaiduwar ƙwai su yi rawaya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyen kuma abin gina jiki ne. A shanya shi a inuwa, gama rana tana cinye amfaninsa. A daka, a tankaɗe, a sa rabin kilo zuwa kilo ɗaya cikin buhu. In aka wuce haka da yawa, ɗaci da dusar ganyen sukan sa kaji su rage ci, girma ya ja baya.

Farin garin 'ya'yan kuka, wanda ake kaɗa kwalba da shi, ya ninka lemun zaƙi bitamin C. Amma kafin a sami giram 5 ɗin nan daga gare shi, sai an sa wajen kilo biyu. Wanda yake da kuka a gonarsa ya sa abin da ya samu. Wanda zai saya a kasuwa kuwa ya yi lissafi tukuna. Masara ja ta fi fara. Ɗan manja mai kyau shi ma yana da makari. Garin citta da na gangamau, kamar giram 5 cikin kilo, an gwada su a wurare da yawa, wani lokaci a ga amfani, wani lokaci ba a ga wani bambanci ba.

Gaskiyar magana, ƙarfin ganye ba ɗaya yake kullum ba, ya danganta ga ƙasa, da lokacin tsinka, da yadda aka shanya. Ku ɗauke su mataimaka. In kuna da alkawari da mai saye, ku haɗa da na fakiti wanda aka san ma'auninsa.

Kada a ba kaza tsatsa a kwano

Banza ne a sayi makari, a kuma ciyar da abincin da ya riga ya yi tsatsa. Dusar shinkafa tana da mai, cikin kwanaki kaɗan takan fara maƙaƙi a zafi. Haka tunkuza da ƙuli-ƙulin da suka daɗe, da garin kifi, da man da masu suya suka gama da shi. Irin wannan abinci yana cinye bitamin E tun a buhu, ya kuma ci na jikin kazar. A sansana kafin a saya. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa tana da gubar da ke lalata hanta. Ita ce ta kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila a 1960.

Firimis da bitamin su ma zafi yana kashe su. A duba kwanan watan ƙarewa, a saya inda ba a shanya kaya a rana, a rufe bakin leda, a ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi. A bazara kada a haɗa abincin da zai wuce mako biyu. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.

Ruwa da inuwa ne a gaba

Ina jin tsoron kada wani ya karanta wannan ya ce ya sami maganin zafi. Bitamin ba ya sanyaya ɗaki. In ɗaki ya zama tanda, ko buhu guda aka zuba, kaji za su mutu. Ga abin da za a fara yi:

1. Ruwa mai sanyi kada ya yanke. Kaji 100 masu mako biyar suna shan fiye da lita 30 a yini a kwanakin sanyi, a bazara kuwa kusan ninki biyu. A ajiye a randa ko a inuwa, a sāke in ya ɗumama, a ƙara mazubai.

2. A shimfiɗa ciyawa ko zana a bisa kwano, ko a shafa masa farar ƙasa. A buɗe gefen ɗaki iska ta ratsa. Mai sabon gini ya miƙe ɗakin daga gabas zuwa yamma, ya dasa itatuwa.

3. A rage cinkoso. Manyan kaji kada su wuce takwas a faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya. Gara a sa 150 su kai, da a sa 200 a binne 50.

4. Narkar da abinci yana ta da zafin jiki. In kaji sun wuce mako huɗu, a ɗauke abinci da hantsi, a mayar da la'asar, a kunna fitila da dare su ci.

Ranar kamu da yanka

Aikin mako bakwai yana iya lalacewa a yini ɗaya, kuma farin naman nan ya fi rataya ga wannan yini. A ɗauke abinci awa 8 zuwa 12 kafin yanka, amma a bar ruwa. A kama da asuba ko da dare, a hankali, ban da kora da ihu. Kada a cika kwando, kada a bar mota a rana. A yanka da sassafe. Da an fige an gyara, a tsoma cikin ruwan ƙanƙara nan da nan, kada a tara su da zafinsu cikin buhu ko baho. Nama yana so ya sauka zuwa digiri 4 cikin 'yan awoyi.

Abin da ƙungiya za ta yi

Bari mu yi lissafi. A mako huɗu na ƙarshe kazar nama takan ci kilo 3 da rabi zuwa 4. Kaji 100 ke nan za su ci buhu 14 zuwa 16. Bitamin C ɗinsu giram 70 zuwa 80 ne, garin bitamin E kuwa giram 140 zuwa 160. Ga mutum ɗaya, sayen kilo guda ya yi masa yawa, ragowar kuma za ta lalace. Ga ƙungiya mai mutum goma kuwa daidai ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka a taron Janairu ko Fabrairu a tsai da shawara: nawa za a sa, yaushe za a sayar, wace rana za a fara bitamin E. A sayi ƙaramin sikeli mai auna giram ya zama na ƙungiya. A zaɓi mutum biyu masu kula su riƙa aunawa suna ƙullawa, ƙulli ɗaya buhu ɗaya. Wajen haɗawa, kada a zuba cokali guda cikin buhu a ce an juya. A fara cuɗa shi da tafi ɗaya na abinci, a cuɗa wannan da mudu, mudu da tiya biyu, sa'an nan a juye cikin sauran a juya sosai. In ba haka ba, wata kaza ta cinye na goma, tara su tashi a banza.

Kada kuma ku tsaya ga maganata. Ku raba ɗaki biyu, ku ba sashe ɗaya makari, ku bar ɗayan a kan abincin da kuka saba. Magatakarda ya rubuta mace-mace da nauyi kowane mako. Ranar yanka a cire ƙirji biyar daga kowane sashe, a auna, a sa a leda cikin firij ya kwana, a tsane ruwan, a sāke aunawa. Sikeli ba ya son kai. Abin da kuka gani ku aiko mana, mu buga domin sauran ƙungiyoyi su amfana.

Matan nan da na ba ku labarinsu sun biya rancensu da ƙyar, bayan sun karyar da sauran kajin a kasuwar ƙauye. Da shekara ta kewayo sun sa 150, sun rufe kwano da ciyawa, sun fara bitamin E a mako na uku, sun yanka da asuba, sun sayi ƙanƙara. Kaza uku suka rasa. Mai gashin nan ya karɓi kajin duka. Da na tambayi Mama wanne ne cikin abubuwan nan ya yi aikin, sai ta yi dariya ta ce, "Malam, miya in ta yi daɗi, wa yake tambaya gishiri ne ko daddawa?"

Allah ya ba mu bazara mai sauƙi, ya sa albarka a kiwonmu.

Naku,
Malamin Gona